Kafin ka miƙa wa mai gyara kuɗin abincinka

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, bari in faɗi abin da ya kusa raba ni da kuɗina a makon jiya.

Ina tsaka da aikin babi na huɗu na kundin mastas ɗina, sai fankar laftof ta fara ihu kamar injin niƙa. Na buɗe Core Temp in duba. Ƙwaƙwalwar kwamfutar tawa ƙwaya huɗu ce: uku suna hawa suna sauka tsakanin digiri 60 da 75, ɗaya kuwa ta kafe a 41, ko motsi. Na kai wa wani mai gyara. Ko buɗe ta bai yi ba, ya ce wai bod ne ya tafi, in kawo kuɗi. Wallahi gabana ya faɗi, don aikin wata takwas yana ciki.

Ra'ayina shi ne mu daina firgita da lamba ɗaya, mu kuma daina miƙa wuya don mai gyara ya ɗaure fuska.

A furosesar Intel, kowace ƙwaya da nata ma'aunin zafi. Abin da yake faɗa shi ne digiri nawa ya rage a kai iyakar zafi, wadda a yawancinsu 100 ce ko kusa da haka. Manhaja ce ke yin lissafi ta ba ka lamba. An yi shi ne don ya kare na'urar idan ta kusa iyaka, shi ya sa bai cika faɗin daidai ba in kwamfuta na hutawa. Bambancin digiri 5 zuwa 10 tsakanin ƙwayoyi ba ciwo ba ne, ai ba a raba musu aiki daidai.

To yaya za ka gane? Ka ɗora mata aiki mai nauyi na minti goma kana kallo. In duk sun hau tare, lafiya lau. In ɗaya ta tsaya cak, ka gwada HWiNFO. In nan ma haka ne, mai yiwuwa ma'aunin ne ya maƙale, kuma ƙwayar tana aikinta. In kuwa ɗaya ta zarce sauran da digiri 20, ka zargi man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya: ya bushe, ko an ɗaure kusoshin a karkace.

Wani zai ce, to ai ma'aunin da ya maƙale shi ma haɗari ne. Gaskiya ne, ban ce a yi sakaci ba. Idan tana kai 95 tana nauyi, ko tana mutuwa da kanta, kai ta gyara yau. Amma a fara da buɗewa, a kakkaɓe ƙura, a sauya man. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na bod ba.

Tawa haka aka yi mata a wani shagon. Fanka ta yi shiru, ƙwayar nan kuma har yanzu tana 41, aikina na tafiya.

Don Allah a daina ɗora laftof a kan katifa, tana toshe mata iska. Kuma kafin ka kwanta yau, tura kundinka Google Drive ko filash. Sufabaiza ba ya jin "kwamfutata ce ta lalace".

Allah Ya sa mu gama lafiya mu koma gida.