TEKU MA NAMU NE

Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin teku ba sai a taswirar da ke bangon aji. Saboda haka mukan ɗauka zancen teku na mutanen Legas ne da Kalaba. Wannan kuskure ne, 'yan'uwa.

Mu fara da ruwan sama. Iskar damina daga Tekun Atlantika take tasowa, ta kudu maso yamma, ta ɗauko mana danshin da ke zama hadari. Dawa da gero da masarar da iyayenmu ke sayarwa su biya mana kuɗin makaranta, da wannan ruwa suke girma. Haka kuma wajen rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga ƙananan tsire-tsiren teku take fitowa.

Gaɓar tekun Nijeriya ta kai kimanin kilomita 850. A Neja Delta akwai kurmin itatuwan da ake kira mangurof, masu tsirowa cikin laka da ruwan gishiri, kuma babu ƙasar Afirka da ta kai mu yawansu. A tsakanin saiwoyinsu 'ya'yan kifi da jatan lande da ƙaguwa ke fakewa har su girma su fita teku. Saiwoyin nan ne kuma ke riƙe ƙasa, su karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gidajen masunta. In kurmin ya mutu, taru zai dawo wayam, banda ta yi tsada a kasuwanninmu.

To, yaya muka riƙe wannan kyauta? An gano man fetur a Oloibiri a 1956, ƙasa ta samu kuɗi, amma malalar mai ta yi ta kashe itatuwa da kifi. A 2011 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna gyaran ƙasar Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Muna ganin bai kamata kuɗin mai ya riƙa gina birane alhali masuntan da aka ɓata wa ruwa suna cikin yunwa ba. Wajibi ne gwamnati da kamfanoni su gyara abin da aka ɓata.

Mu ma muna da hannu. Kogin Kaduna yana zuba a Kwara, Gongola a Binuwai, su haɗu a Lokoja su gangara teku. Ledar da muka jefa a kwata tana iya bin wannan hanya.

Allah ya ba ɗan Adam halittarsa amana, kuma mai amana zai ba da lissafi. Mu daina zubar da shara a magudanar ruwa, mu koya wa ƙannenmu haka a gida da coci, mu kuma riƙa tunawa da masunta cikin addu'a. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.