Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Wasu masu horar da 'yan tsere suna cewa kitsen jiki kaɗai ya ishi mai gudun fanfalaki. A ganina, maganar tana da gyara. Kitse babban rumbu ne, amma a hankali yake ƙonewa. Sukarin da tsoka da hanta suke tarawa shi yake riƙe gudu mai tsanani, kuma yakan yi ƙasa bayan kimanin minti 90. Shi ya sa masu tseren kilomita 42 suke tsotsar jel, wato sukari mai kauri, giram 30 zuwa 60 kowace awa. Ɗalibin da zai yi gudun rabin awa kuwa ba ya bukatarsa. Wajibin malami shi ne ya tabbatar yaro ya karya kumallo kafin ya shiga fili.