FILIN IYALI: Lagwanin Wayar Hannu

A da kowace uwar gida ta san murɗa lagwanin fitilar ƙwai. In ya yi sama da yawa, kananzir ya ƙare da wuri, ƙwan kuma ya yi baƙi. To, wayar hannu ma tana da nata lagwani, amma kaɗan ne suka kula da shi.

Ga yadda ake yi. A wayar Android, ɗora yatsa a can saman gilashin, ka jawo ƙasa. A waɗansu wayoyi sai an ja sau biyu. Za ka ga wani layi mai alamar rana. In ka ja dama haske ya ƙaru, in ka ja hagu ya ragu. Mai kallon fim a VLC ko MX Player kuwa ba sai ya fita ba. Ya shafa yatsa sama ko ƙasa a gefen hagu, haske zai canja. Gefen dama na murya ne.

Don me za mu damu da wannan? Na fari, hasken gilashi yana cikin abubuwan da suka fi shan batir. Wanda yake biyan mai caji a Shuwarin ko Kiyawa, in ya rage haske ya rage kashe kuɗi. Na biyu, ido. Hasken da ake bukata a kasuwar Dutse da tsakar rana ya yi wa ɗaki mai duhu yawa. Ido yakan gaji ya bushe, barci ya ƙi zuwa, yaro ya tafi makaranta yana gyangyaɗi. Likitocin ido sun ba da shawara cewa bayan kowane minti 20 a ɗaga kai, a dubi wani abu mai nisan ƙafa 20 har daƙiƙa 20.

Ga kuma gargaɗi. Wani lokaci yaro yakan ja hasken har ƙarshe. Da safe a fito rana, a ga gilashi baƙi ƙirin, a ce waya ta lalace. Kafin ku kai wa mai gyara, ku shiga ɗaki ku jawo layin nan tukuna.

Iyaye, ku koya wa yara rage haske da zarar rana ta faɗi, ku kuma karɓi wayar kafin lokacin kwanciya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.