Fenti Ba Ya Tashi Da Jirgi

Maudu'inmu na wannan makon ya shafi wata takarda da littattafan Hausa ba su cika waiwaya ba, duk da cewa kusan kowane labarin soyayya sai an kai Alhaji filin jirgi ya wuce Dubai. Takardar ita ce shaidar izinin jigilar fasinja da ake kira AOC, wadda Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, ke bayarwa. Muna da ja da masu cewa takardar nan jan ƙafa ce ta 'yan ofis, ko makami ne na danne wani yanki.

Mu fara da yadda ake samun ta. Matakai biyar ne. Da farko mai kamfani zai zauna da hukuma a faɗa masa abin da ake buƙata. Sannan ya miƙa takardar nema a hukumance. A mataki na uku jami'ai su bi kundayensa shafi-shafi: yadda zai horar da matuƙa, yadda zai gyara jirage, awa nawa matuƙi zai yi yana aiki kafin ya huta. A na huɗu a ce ya nuna a aikace, a tashi da jirgin ba fasinja, sufetoci na ciki suna kallo, a gwada yadda za a kwashe mutane idan wuta ta kama. Sai ya haye waɗannan a ba shi takarda. Ba mu muka ƙirƙiro tsarin ba. Tushensa yarjejeniyar Chicago ce ta 1944, wadda ta haifi ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya.

Yanzu mu tuna ranar 26 ga Mayun 2023. Saura kwana uku gwamnatin Buhari ta sauka, aka sauke wani Boeing 737 a Abuja da sunan Nigeria Air a jikinsa, ministan sufurin jiragen sama Hadi Sirika ya ƙaddamar. Jirgin na kamfanin Ethiopian Airlines ne, lambar rajistarsa ma ta Habasha ce, kuma bayan biki ya koma gida. Shugaban riƙo na kamfanin ya shaida wa Majalisar Dattawa cewa shatarsa aka yi. A farkon Yuni aka ji NCAA ta ƙi barin kamfanin ya shiga mataki na biyu saboda takardunsa ba su cika ba. Kamfanin da bai haye mataki na farko cikin biyar ba aka yi wa guɗa. An ɗaura aure ba a kai kuɗin gaisuwa ba.

A nan muke neman hankalinku. Da zarar irin wannan magana ta taso, sai ka ga masu alƙalami sun rabu gida biyu, kowa na duba garin da ministan ya fito kafin ya yanke hukunci. Mu dai mun ce wannan cin amanar mai karatu ne. Injin jirgi bai san Katsina ba, bai san Legas ba. A Yulin 2022 NCAA ta dakatar da Dana Air mai mazauni a Legas. A Yulin 2023 ta dakatar da jiragen Boeing 737 na Max Air. Sanda ɗaya ce ta daki kowa, kuma haka muke so ta ci gaba.

Wanda ke ganin ƙa'idojin sun yi tsauri ya je Gwammaja ya tambaya. Ranar 4 ga Mayun 2002 jirgin EAS da ya tashi daga filin Malam Aminu Kano ya faɗa kan gidajen unguwar, mutum fiye da 100 suka rasu, da yawansu ba su taɓa sayen tikiti ba, suna cikin gidajensu ajali ya sauko musu. A Oktoban 2005 Bellview ya faɗi da mutum 117. A Disambar shekarar Sosoliso ya ƙone a Fatakwal, cike da 'yan makaranta masu tafiya hutu. Ranar 29 ga Oktoban 2006 jirgin ADC ya faɗi a Abuja, muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Bayan wannan jerin makoki aka sa hannu a dokar 2006 da ta ba NCAA 'yancin aikinta, har a 2010 Amurka ta sa Najeriya a rukunin farko na ƙasashen da ta yarda da sa idonsu.

Za a ce mana mutuwa lokaci ce. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana tawakkali shi ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Za a kuma ce tsarin na cin kuɗi da lokaci, yana korar masu zuba jari. Gaskiya ne yana da tsada, kuma idan jami'i ya zauna kan fayil don a ba shi na goro, a tona shi da sunansa. Maganin jami'in banza shi ne a cire shi. Rage matakan kuwa, fasinja ne zai biya da ransa. Mai jarin da ba zai iya jure binciken kundi ba, ina zai iya jure kuɗin sauya inji?

To marubuta, ga aikinmu. Idan gwamna ko minista ya tsaya gaban sabon jirgi ana ɗaukar hoto, kafin mu rubuta "an kafa tarihi" mu yi tambaya uku: kamfanin yana da AOC? Rajistar jirgin ta wace ƙasa ce? Wa zai gyara shi, kuma a ina? Jiragen Najeriya lambarsu da 5N take farawa, a jikinsu take a rubuce, ko a hoton waya ana iya gani. Mai rubuta ƙagaggen labari ma ga fili: sufeton da aka buga wa waya daga sama cewa ya sa hannu kafin Juma'a, ga kuɗin makarantar yara, ga alhajin da ya yi masa alheri a baya. Wannan jarumin ya fi ɗan mai kuɗin da ke sauka daga jirgi da baƙin tabarau nauyi, kuma ba mu cika ganinsa a littattafanmu ba.

Alhazanmu ta waɗannan jirage suke tafiya, iyayenmu a ƙarƙashin hanyarsu suke kwana. Muna jiran ra'ayoyinku, musamman masu ja da mu, amma a zo da hujja. Allah ya tsare matafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.