Rashin da Ba Ya Dawowa: Ban Tausayi a Fim ɗin 'Yan Fashin Teku

Gabatarwa

Galibin masu kallo suna ɗaukar jerin finafinan Pirates of the Caribbean na kamfanin Disney a matsayin wasan raha: Kyaftin Jack Sparrow na tangaɗi, takubba na walƙiya, igwa na ruri a tsakiyar teku. Sai dai kashi na uku, wato At World's End, wanda Gore Verbinski ya ba da umarninsa aka fitar a 2007, yana ɗauke da darasi ga ɗalibin adabi game da yadda ake gina ban tausayi. Darasin shi ne, baƙin cikin labari ba ya kama zuciya sai in rashin da aka yi ba mai dawowa ba ne.

Mutuwa mai araha

A wannan jeri mutuwa ta saba zama wasa. An harbe Kyaftin Barbossa a ƙarshen kashi na farko a 2003, sai ga shi a ƙarshen na biyu a 2006 yana saukowa daga bene yana gatsar tuffa. Dodon teku ya haɗiye Jack, sai abokansa suka bi shi har duniyar matattu suka ɗauko shi. Mai kallon da aka koya wa haka ba zai ƙara ɓarnar hawayensa ba, domin ya san gobe mamacin zai dawo. Aikin da ke gaban kashi na uku shi ne ya maido wa mutuwa nauyinta.

Fitowa uku masu nauyi

Fim ɗin ya buɗe da rataye jama'a bisa umarnin Cutler Beckett, wakilin kamfanin ciniki na Ingila da ya ƙwace iko da teku. A cikin waɗanda aka jera har da ƙaramin yaro, wanda sai da aka ɗora shi bisa ganga kafin wuyansa ya kai ga igiya. Ya fara rera waƙar 'yan fashi, sauran fursunoni suka amsa. Ba a faɗi sunansa ba, kuma babu jarumin da ya zo cetonsa. Tun daga nan mai kallo ya gane cewa wannan karon ba kowa ake fansa ba.

Fitowa ta biyu ita ce ta Gwamna Swann. A hanyar dawowa daga duniyar matattu, Elizabeth ta hangi mahaifinta a cikin ƙaramin kwalekwale da fitila a gabansa. Murna ta kama ta, ta zaci sun iso duniyar rayayyu, alhali kuwa an kashe shi ba ta sani ba. Ta jefa masa igiya, bai kama ba. Ta yunƙura za ta faɗa ruwa, aka riƙe ta. Ƙarfin fitowar yana cikin natsuwar dattijon: 'yar na kururuwa, shi kuwa ya riga ya sallama, ruwa na tafiya da shi sannu a hankali.

Ta uku ita ce mutuwar James Norrington, hafsan da ya sayar da mutuncinsa don ya maido da muƙaminsa. Ya tuba a ƙurarren lokaci, ya saki Elizabeth da mutanenta daga kurkukun jirgin Flying Dutchman, ya tsinke igiyar da suka bi don kada a cim musu. Wanda ya soke shi kuwa Bootstrap Bill ne, mahaifin Will Turner, da tsinuwar jirgin ta gusar masa da hankali. Babu ɗayan mutanen nan uku da ya sake dawowa.

Farashin nasara

A ƙarshen yaƙi Davy Jones ya soke Will da takobin Norrington, takobin da Will ɗin ya ƙera da hannunsa a kashi na farko. Jack, wanda babban burinsa shi ne ya soke zuciyar Jones ya dawwama a teku, ya haƙura da burin, ya kama hannun Will ya soke ta da shi. Will ya tsira, amma ya gaji aikin raka rayukan waɗanda suka mutu a teku: yini guda a tudu, shekara goma a ruwa. Ango da amarya da aka ɗaura wa aure a tsakiyar yaƙi suka rabu bayan yini ɗaya. An ci nasara, an kuma biya ta da tsada.

Inda aka yi sake

Wani zai ce fim ɗin nishaɗi ne, kuma masu kallo sun cancanci ganin masoya sun sadu. Wannan ra'ayi ne kashi na biyar, Dead Men Tell No Tales na 2017, ya bi: Henry, ɗan Will, ya karya sandar da ke riƙe da tsinuwoyin teku, mahaifinsa ya dawo gida. An faranta wa masu kallo, amma an rage darajar hawayen da suka zubar shekara goma da suka wuce. Sadaukarwar da aka mayar wa mai ita ta koma rance. Har mutuwar Barbossa domin ceton 'yarsa Carina a wannan kashi ta yi rauni, tun da an taɓa ganin ya mutu ya tashi.

Kammalawa

Hausawa na cewa in za ka sha zuma sai ka sha harbi. Marubucin da ke son mai kallo ya yi kuka, dole ya yarda ya yi asarar wani daga cikin taurarinsa, ya kuma daure kada ya janye. Shi ya sa igiyar da Gwamna Swann bai kama ba ta fi duk hargowar igwa zama a zuciya.