Ba jahilci ne ya hana mutanen Dutsi tura kuɗi da waya ba

Duk lokacin da aka tambayi dalilin da ya sa mutanen karkara ba sa iya tura kuɗi da wayarsu, amsar a bakin kowa take, daga ma'aikacin banki har ɗan jarida: rashin ilimi. Sai a ce a wayar musu da kai, a shirya taron bita, ko a mayar musu da rubutun Hausa, shi ke nan an gama. Ni ban yarda da wannan ba. Babban mai laifin yana zaune ne a ofis mai sanyi a Legas, shi ne wanda ya yanke abin da zai zo na ɗaya da abin da zai zo na bakwai a jerin zaɓin da ke fitowa a fuskar waya.

Ɗan kasuwar da ke sayen gero da wake a Dutsi ya kai Daura ko Mai'adua, a ka yake riƙe da lissafin buhunansa, da wanda ya biya, da wanda ake bi, da ladan dillali. Wani ma ya haddace izu sittin tun yana yaro. Irin wannan mutum ne za a ce lambobi huɗu sun gagari ƙwaƙwalwarsa? Ai da suka ga uwar bari sun koya. Bayan Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 a Oktoban 2022, tsabar kuɗi ta ɓace a farkon 2023, kuma mutanen da ba su taɓa yin tiransfa ba suka iya cikin makonni, da ƙananan wayoyinsu masu tocila. Babu wanda ya shirya musu bita.

Yadda suka koya ɗin ne masu tsara manhaja ba su kula da shi ba. Mutum ba karanta jerin yake yi ba, hanya yake haddacewa: tauraro, lambar bankinsa, hash, ɗaya, biyu, lambar asusu, kuɗi, lambar sirri. Yatsa ne ke riƙe ta. Ko mu da muka yi boko haka muke yi, ba ma tsayawa karatu. Ka zauna a bencin mai POS a Dutsi ko Shargalle ranar kasuwa, ba za ka daɗe ba sai ka ga dattijo ya miƙo waya ransa a ɓace: "Ɗana, duba min. Kullum ɗaya nake dannawa ya tambaye ni lamba, yau ya ce wani abu daban." Yaron ya leƙa ya ce, "Baba, ai rance suka sa a farko, tura kuɗin ya koma ƙasa." Dattijon bai manta komai ba. Kamar a ce sarkin kasuwa ya tashi cikin dare ya mayar da layin hatsi inda 'yan awaki suke, da safe kuma ya tsaya yana zagin masu ɓata hanya.

Me ya sa ake yin haka? Saboda sahun farko a jeri wuri ne mai tsada, kuma kowane sashe na kamfani yana son hajarsa ta hau can. Masu rance suna so, masu inshora suna so, masu tallan garaɓasa ma haka. Saƙon USSD guda, wato shafin da ke fitowa idan ka danna lambar tauraro da hash, ba ya wuce haruffa 182, don haka duk abin da aka cusa a sama sai ya tura wani abu zuwa shafi na gaba, bayan "danna 99" ko "danna 0" gwargwadon yadda kowane kamfani ya ga dama. Abin da aka tura ɗin kuwa sau da yawa shi ne wanda mutum ya shigo dominsa. Ga kuma agogo yana gudu: ka tsaya tunani, layin ya yanke, ka koma farko. Tun 2021 ake cajin naira 6.98 a kan amfani da lambobin banki, daga tsakiyar 2025 kuma a katin wayarka ake cirewa, a kan kowace daƙiƙa 120. Wato tsawon jerin nan mai waya ne ke biyansa, kuma wanda ya fi jinkiri shi ya fi biya.

Masu cewa a fassara da Hausa suna da rabin gaskiya, kuma ina tare da su a wannan rabin. Amma ruɗaɗɗen jeri ko da Hausar Daura aka rubuta shi ruɗaɗɗe ne. Indrani Medhi da abokan aikinta na sashen binciken Microsoft a Indiya sun gwada wannan da masu ƙarancin karatu: ko da aka cire rubutu aka sa hotuna, zaɓi cikin zaɓi cikin zaɓi yana ɓatar da mutane, jeri guda a shimfiɗe ya fi musu sauƙi. Tun 1952 ma masanin halayyar ɗan Adam na Ingila William Hick ya nuna cewa yawan zaɓi yana ƙara lokacin yanke shawara, kuma ba da ƙauyawa ya yi gwajinsa ba. Ita kanta Microsoft ta taɓa gwada jerin da ke sauya kansa yana ɓoye abin da ba ka cika taɓawa ba, a manhajar Office 2000. Ma'aikatan ofis masu digiri suka yi ta ƙorafi, zuwa 2007 aka watsar da shi. Ban ji wanda ya kira su jahilai ba. A Kenya kuwa, M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya da kamfanin Safaricom ya fara a 2007, ta shiga ƙauyuka da gajeren jeri a cikin katin layi, tura kuɗi a sama, cire kuɗi na bin sa, kuma aka bar shi haka shekara da shekaru har yatsu suka saba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne inda wannan sakaci ke ƙarewa. Mutumin da jeri ya ruɗa sau biyu ba zai sake yarda da kansa ba. Zai miƙa wa wani wayar, ya faɗa masa lambar sirrinsa da babbar murya a gaban mutane. Matar da ke cikin gida tana sana'ar ƙuli ko ɗinki za ta aiki yaro da wayarta da lambarta, duk unguwa ta san abin da ke asusunta. Ranar da aka yashe kuɗin, bankin zai ce ai mun gargaɗe ku kada ku ba kowa lambar sirri. Gaskiya ne sun yi gargaɗin, da Turanci, a saƙon da ya shigo tsakanin tallace-tallace biyu.

Kada wani ya ce gyaran ba zai yiwu ba, domin an yi irinsa. A 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta tilasta wa kamfanonin waya lambobi iri ɗaya: *310# duba kati, *311# sa kati, *312# sayen data, *303# aron kati, ko MTN kake ko Airtel ko Glo. Kamfanonin ba su mutu ba. A ɓangaren banki kuwa har yau kowa da tasa: GTBank *737#, First Bank *894#, UBA *919#, Zenith *966#, Access *901#, kuma cikin kowace da nata tsarin. Lambar shiga ta bambanta, wannan ba komai. Amma Babban Banki yana da ikon cewa sahu uku na farko su zama ɗaya a ko'ina: ɗaya tura kuɗi, biyu duba abin da ya rage, uku sayen kati, kuma ba a taɓa su sai da izininsa. Rance da talla su koma ƙasa, mai so ya bi su can. Kafin a danna lambar sirri, sunan wanda za a tura wa da adadin kuɗin su fito su kaɗai a shafi, ba tare da wani abu ya raba hankali ba. Duk bankin da zai sauya jerinsa kuma a sa shi ya fara ɗaukar sabon tsarin a ƙaramar waya, ya kai rumfar mai POS a gari irin Dutsi, ya ba masu sayar da hatsi da mata masu sana'a su gwada ba tare da an nuna musu ba, ya kawo rahoton inda suka tsaya kafin a ba shi izini.