Lafiyar Iyali: Hannun da Ya Saki Bayan Raunin Laka

A Batsari da Safana, tsakanin faɗuwar babur da harbin 'yan bindiga, akwai gidajen da ke jinyar maigida ko ɗa wanda lakarsa ta taɓu a wuya, hannuwa suka saki.

Don Allah kada a kai shi wurin mai ɗori; jan wuya yana iya ƙarasa lakar. A nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya, Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala, Kano.

Yanzu likitoci kan ɗauko jijiya mai rai su jona ta da wadda ta daina aiki. A Ostareliya, wani bincike na 2019 ya nuna waɗanda aka yi wa haka sun koma miƙa hannu da riƙe abu. Sai dai an fi son a yi aikin cikin wata 6 zuwa 12, kuma yatsun da suka ƙandare ba sa cin moriyarsa sosai.

Nan naki aikin yake. Kullum ki riƙa lanƙwasa masa kafaɗa, gwiwar hannu da yatsu a hankali, yadda likitan gashi ya nuna miki. Ki juya shi duk awa 2 saboda gyambon kwanciya. Kuma ki daure ki bar shi ya gwada riƙe cokali da kansa, ko da kunun zai zube a riga.